Fiffiken Motar Hali

Duk wanda ya yi zama a tashar Bodinga zamanin mulkin farar hula na biyu ya san Hali ba ya gaida kowa da safe sai ya gaida fiffikensa. Zai zaga bayan tsohuwar Fijonsa, ya tuɓe hula, ya goge wani faffaɗan ƙarfe da ya kafa a kan but, sannan ya juyo ya ce mana, "Kun kwan lahiya?" Layi ɗaya muke lodi ni da shi, Bodinga zuwa Shagari, ban taɓa ganin ya saɓa ba.

A kalandar wani shagon kayan mota a Sakkwato ya ga abin, jikin motocin tseren daji. Ya tsare mai shagon da tambaya har ya haddace karatun, ya dawo ya sa maƙeri ya yanko masa gefen tsohuwar ganga. Daga ranar muka shiga uku.

"Ku saurara, jahilai! In mota ta ɗau gudu, iska na bi ta saman ruhin mota, ta zo baya ta ɗaga mata gindi. Tayun baya su saki ƙasa, sai ta kama wutsil-wutsil. Wanga ƙarhe shi ka tare iskar, shi danne gindin ƙasa."

Na ce, "To Hali, sai an kai gudu nawa yake fara aiki?"

"Ɗari da wani abu."

Wallahi Hali bai taɓa wuce arba'in ba! Ga ostariti, tsuke bakin aljihun gwamnati, ya shigo, taya ta yi wuyar samu, yana lallaɓa nasa kamar ƙwai. Masu keke daga Mandera sukan cim masa su yi masa sannu da hanya. 'Yan tasha kuwa suka sa shi gaba: "Maififfike, yau za a tashi sama?" Yakan yi dariya, amma na san abin yana cinsa. Burinsa ɗaya a duniya, a ce Hali ya yi gaskiya.

Wata rana ya dawo daga alwala ya tarar wata tsohuwa ta shanya kuɓewa a kai. Ya ɗora hannu a ka.

"Inna! Wanga ilimi na, ba tabarma ba!"

Ta ce, "To ɗana, gara ilimin ya yi amfani ko da rana ɗaya ce."

Lokacin zaɓe 'yan siyasa suka zo da fenti za su rubuta sunan jam'iyya a jiki. Ya kore su. "Iska ba ta da jam'iyya. Hentin ma shina da nauyi."

Sai ranar kasuwar Kajiji. Tawa motar tana kan duwatsu babu taya, na bi Hali. A wata ruga bayan gari kububuwa ta sari wani makiyayi, aka ɗauko shi jini na zuba ta hanci. 'Yan'uwansa uku ƙatta suka cika baya, ni ma na matse a can ina riƙe da kansa. Hali ya yi bisimilla ya taka totur. Kai jama'a! Ashe ya iya tuƙi. Muka ratsa gargada da yashi, muka hau kwalta, allurar gudu ta wuce ɗari, mota ta kwanta lif ba ta ko rawa.

Da aka shige da mutumin asibiti a Sakkwato, Hali ya cafke hannuna, idonsa tab da ƙwalla.

"Ka gani, Ladan? Ka ji yadda tad danne ƙasa? Gobe ka hwaɗa musu!"

Ya ja ni bayan mota. Babu fiffike, sai ramukan noti huɗu.

Ni na san inda yake. Tun ramin farko a bakin rugar na ga ya yi sama ya faɗa gonar dawa. Nauyinmu ne ya danne motar. Amma na dubi fuskar Hali, tausayi ya kama ni, na ce, "Yanzu ya fita, a shigowa gari. Sai da ya gama aikinsa."

Makiyayin ya rayu. Washegari na tsaya tsakiyar tasha na ba da shaida, babu wanda ya ƙara yi wa Hali tsiya har ya bar duniya. Yau ne farkon da na faɗi gaskiyar.

Allah ya jiƙanka, Hali, ya sanyaya makwancinka albarkacin ran da ka ceta. Ni kuma Ubangiji ya yafe mini ƙaryar nan, don wallahi har yanzu na kasa yin nadamarta.