Kwanon da Ba Mai Buɗawa Sai Sammani

Ranar Talata, 15 ga Yunin 1999, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sammani mai igiya na Ƙofar Kaura. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Sammani, ka tafi gari na ta murnar soja sun koma bariki. Ni ban taya kowa ba. Na ga irin wannan biki a baya, tuwo ne aka canza wa suna. Amma yau ba tsaki na zauna yi ba.

Shekarar da aka sallame mu daga aiki ta bakin rediyo, duk da karatuna da ofishin da na riƙe, gidana ya kai a ɗora tukunya yau, gobe ta huta. Mu kuwa a unguwa ciyayya muke yi: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a haɗu a zaurenka a ci. Wanda ba shi da kwano, da wace fuska zai zauna cikin maza? Sai na daina fita, na ce ciwon ciki nake yi.

Ka zo har ƙofar gida. "Akawu, wane irin ciwon ciki ne mai tsoron tuwo? Daga yau kowa ya kawo kwanonshi a rufe. Ni zan shiga da su in juye cikin daro guda, ba mai buɗawa sai ni. Ko iska ka zubo, kawo."

Iskar kuwa na kai, na riƙe kwanon da gefen riga kamar mai zafi. Ka fito da daro cike kana cewa, "Kai, miyar gidan Akawu ta ji yaji yau!" Da aka tashi, kwanona ya koma gida da nauyi, yara suka ci. Haka muka yi ta yi. In na fara zagin masu mulki, sai ka ce, "Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Sa hannu, miya na hucewa."

Jiya wurin zaman makoki na ga bai kamata wannan alheri ya bi ka kabari ba, na faɗa. Babaji tela ya dube ni ya ce, "Au, har kai?" Yahaya direba ya tuntsire da dariya, ya ce duk lokacin wahalar man fetur, shi ma wofi ya riƙa kaiwa. Muka yi ta dariya har Liman ya harare mu, can kuma shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Muka aika aka tambayi maiɗakinka, Malama Ladi, ina mai igiya ya samo hatsin ciyar da unguwa. Ta ce, "Ku gaya masu wani gida ya rasa, wani ya samu, amma ba a taɓa yin ranar da kwanuka suka zo wofi duka ba. Ranar da namu ne wofi, su suka ciyar da mu."

Ashe ni ma na ciyar da kai ban sani ba. Ina can ina kukan ƙasa ta yashe ni, Mai Arziki bai bar zauren nan ko sau ɗaya ba.

Yadda ka rufa mana asiri, Allah Ya rufa maka naka, Ya gafarta maka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Malama Ladi, Sadiq, Hafsat da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.