Jirgi Na Biyar Na Octave Brissard

Octave Brissard shi ne mai aski a ƙauyenmu, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai kunnensa ya gaya masa. Da ya ɗora maka aska a wuya zai fara: shi matuƙin jirgin yaƙi ne a 1916, lokacin da jirgi katako ne da zane, kuma ya kakkaɓo jiragen Jamus biyar. A takardar soja kuwa huɗu aka rubuta. Wannan ɗayan da ya rage shi ya cinye masa rayuwa, ya mayar da shi mai ɗacin rai, ba ya gaisuwa sai da harara.

Ƙa'idar sojan sama a lokacin, ba a lissafa maka jirgi sai wani sojan ƙasa ya ga faɗuwarsa ya sa hannu. Mai biyar shi ake kira gwarzo, a buga sunansa a jarida. Mai huɗu matuƙi ne kawai. Rashin sa'ar Octave, wanda ya ga na biyar ɗan ƙauyenmu ne, Firmin Coquelet, kofur a sojan igwa, kafinta mai taurin kan tsiya. Ya ce ba zai sa hannu ba.

Matuƙa suna da al'adar sauka kusa da jirgin da suka harbo, su yanki zanen da ke ɗauke da lambarsa. Octave ya sauka a gonar gwoza ya yanka. Abin da ba ya faɗa a shago shi ne, Bajamushen yana nan da ransa, fiffike ya danne masa ƙafa, wuta tana matsowa. Octave ya taka fiffiken, ya yanki zanensa, ya koma jirginsa. Kafin Firmin ya iso da gudu wuta ta gama aikinta.

Shekara talatin da huɗu Octave da Firmin suka yi suna zaune a layi ɗaya. Octave ya bi gari yana kiransa karen Jamus, ya hana mutane kai masa aiki. Firmin bai taɓa tona shi ba, sai dai ya hau keke ya tafi garin gaba aski. Ni dai ban ga wanda ya fi wani mugunta ba, don shirun Firmin ma horo ne.

Da ciwo ya kwantar da Firmin, Octave ya sa kwat ɗinsa ta coci, ya ɗauki takardar shaidar jirgin na biyar ya shiga gidan ba sallama.

"Kofur, ka kusa tafiya. Sa hannu ka huta, ni ma in huta."

"Kawo," in ji Firmin. "Amma ni ba na rabin shaida. Zan rubuta faɗuwar jirgin, in rubuta wanda ka taka."

"Abokin gaba ne fa, tsohon banza."

"To tsoron me kake yi? Ba ni alƙalamin."

Octave ya daɗe a tsaye, matar gidan tana kallonsa daga bakin ƙofa. Sannan ya ninke takardar, ya mayar da alƙalamin aljihu, ya fita.

Firmin ya rasu bayan kwana biyu. Shaida ta ƙare a duniya ke nan, kuma Octave ya san shi ya hana kansa. Ya tsani mamacin fiye da yadda ya tsane shi da rai.