Lambar da Hamma Buba Ya Ƙi Ƙarawa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba. Ba zan ce kamar jiya ne ba, don ƙarya ce. Shida ce cur, kuma kowacce na ji ta a jikina, ni kaɗai a shagon da ya bari a unguwar Majidaɗi.

Sana'arsa gyaran ƙananan akwatunan sola, irin waɗanda mutanen ruga da na ƙauye ke saya don fitila da cajin waya. A cikin kowanne akwai ɗan allon lantarki mai manhajarsa, a manhajar kuma akwai fayil da ke gaya wa allon irin kayan da aka haɗa masa. Layi ɗaya a fayil ɗin shi ke faɗin iyakar wutar da za a tura wa batir lokacin caji. A kan wannan layin Hamma ba ya jin magana. Sai ya karanta abin da ke rubuce jikin batir, ya sa lambar da ba ta wuce rabinsa ba, in da zafi ya ƙara ragewa. Wai wanda ya ƙera akwatin bai taɓa shan ranar Jalingo ba.

Ni haushi abin ke ba ni. Na gama sakandare ina koyon aiki a wurinsa, kullum ina jin mita, wai akwatin da Buba ya taɓa sai ya yini bai cika ba. Na ce, "Hamma, ka ƙara lambar nan mana, kai ba ka gajiya da surutu?" Ya ce, "Ke da ko shinkafa ba kya bari ta nuna, ina za ki tausaya wa batir?"

Ranar da ya fara zuwa asibiti, wata Adda Hauwa ta zo daga wajen Sunkani da akwatinta, batirin ya mutu. Ba mu da irinsa, sai na sa mata ƙarami, ya kama, na sallame ta ina jin kaina. Ban buɗe fayil ba. Allon ya ci gaba da ɗura wa ƙaramin batir wutar babba. Bayan kwana tara ta dawo da shi cikin ƙwarya, murfin ya tsage, batirin ya kumbura kamar fanke. Jikin jinka take rataye shi, saman inda 'ya'yanta ke kwanciya. Wari ne ya sa ta sauke.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ba Adda haƙuri kamar shi ya yi aikin. Da ta tafi ya buɗe kwamfuta, ya nuna lambar fayil, ya nuna ta jikin batir, ya ce, "Zainabu, karanta mini duka biyun." Na karanta. Ya ce, "To." Iyakar maganar ke nan har ya koma ga Allah.

Yau sola ta cika gari, masu gyara sun yi yawa. A unguwar Turaki akwai masu alkawarin caji cikin gaggawa, kuma na san yadda suke yi: lambar suke ƙarawa. Mutane na son haka. Tsofaffin abokan cinikinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ma sai ya kau da kai in ya wuce ƙofata. Me Hamma zai ce? Ina jin shayinsa kawai zai sha ya jira. Ni ban iya jira ba. Shi yana da ni da zai tsokana, ni ba ni da wanda zan juya in tambaya.

Makon jiya wani dattijo ya ajiye akwatinsa a gabana ya ce, "'Yata, ko ki sa ya riƙa cika da wuri, ko in kai gaba." Tun safe ban ga kowa ba sai shi. Wallahi na buɗe fayil ɗin da niyyar ƙarawa. Sai na ga wani layi saman lambar, irin wanda allo ba ya karantawa, don mai gyara kawai ake barinsa: "Buba ya rage saboda zafi. A bari."

Hamma bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, ko hoton kirki ba mu da shi. Ashe abin da ya bari yana can warwatse cikin rugage, a akwatunan da ban san adadinsu ba, yana hana wuta wuce iyaka a ɗakin mutanen da suka manta sunansa. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.

Na rubuta a ƙasan nasa: "Zainabu ta duba, ta bari." Na rufe akwatin na miƙa wa dattijon, na gaya masa dalili. Ya girgiza kai ya tari keke zuwa Turaki. Wataƙila kafin la'asar an goge mu duka biyun.