Shekara Bakwai Babu Isufu, Wasanmu Ya Koma Hannun 'Yan Aro

Ranar Laraba mai zuwa aminina Alhaji Isufu zai cika shekara bakwai da rasuwa. Ranar Asabar da ke biye kuma za a buga wasan ƙwallon da ni da shi muka fara tsakanin ɗalibanmu na Paris da na Lyon. Kowace shekara ranakun nan biyu kusa da juna suke faɗowa, kuma na saba jin daɗin hakan. Tsakiyar mako in yi masa addu'a, ƙarshen mako in je fili in ga abin da ya bari yana tafiya. Bana ba zan je filin ba, kuma ina ganin masu karanta wannan shafi da suka san shi sun cancanci jin dalili daga bakina.

Jirgi ɗaya ya kawo mu daga gida, mu biyu 'yan Damagaram. Shi aka tura shi wata ƙaramar makarantar koyon sana'a a arewacin Paris ya karanta aikin lantarki, ni kuma aka kai ni irinta a Lyon na koyi gyaran inji. Makarantu ne da ba su da wani suna, in ka faɗe su ko Bafaranshe sai ya tambaye ka a ina suke. Amma kowace shekara akwai 'ya'yan Nijar da na arewacin Najeriya da ke shiga cikinsu. A shekararmu ta biyu kewa ta ishe mu, sai Isufu ya rubuto mini cewa in tara nawa, shi ma zai tara nasa, mu haɗu mu buga balo ko ma ga fuskar juna. Suka zo Lyon su goma sha biyu da takalman da ba na ƙwallo ba. Suka ci mu uku da ɗaya, ya shekara yana yi mini gori.

Muka gama karatu, wasan bai tsaya ba. Isufu ya bar lantarki ya buɗe shagon shadda da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris, ni na kama aiki a garejin motocin haya na zauna a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon. Bana a Paris, baɗi a Lyon, masu masauki su ciyar da baƙi. Wata guda kafin ranar babu zaman lafiya a wayata. Isufu, mutumin da kan ɗauki minti biyar yana gaisuwa, sai ya koma da na ɗaga zai ce, "Ila, kun sami mai tsaron gida bana, ko dai wancan mai gyangyaɗin ne?" In rama, ya rama, har masu sayen shadda su gaji da jira su sa baki.

Doka ɗaya ya kafa wa wasan: ba mai shiga fili sai mai katin ɗalibi na wannan shekarar. Da kansa yake tsayawa bakin layi, tabarau a kan karan hanci, yana duba kati yana duba fuska. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Ya ga yara da yawa da suka zo da niyyar karatu, wata uku na farko suka karya su, suka koma sayar da ƙananan kaya a bakin titin unguwar Porte de la Chapelle har takardun zamansu suka mutu. Ya lura yaron da zai iya guje wa aji ba zai iya jure a buga wasan Lyon babu shi ba. Da wannan yake riƙe su. Na san aƙalla mutum huɗu da ba abin da ya mayar da su rajista sai tsoron zama a benci.

Wanda dokar ta fi bugawa ɗan ƙanwarsa ne, Nasiru. Isufu ne ya kawo shi, a gidansa yake kwana, kuma ban taɓa ganin ɗan wasan gaba kamarsa a cikin yaranmu ba. Wata shekara Nasiru ya daina zuwa makaranta a ɓoye, ya kama aikin sauke kaya. Ranar wasa ya miƙa tsohon kati. Kawunsa ya duba, ya mayar masa, ya ce a gaban kowa ya je ya cire rigar wasan. Mutanen Paris suka yi ta roƙo, ni kaina da nake abokin gaba na ce a bar shi ya buga na yau kawai. Isufu ya ƙi. Muka zura musu huɗu babu ko ɗaya, kuma aka yi makonni wasu 'yan kasuwar Château Rouge suna wuce shagonsa ba sallama. Da aka koma makaranta Nasiru ya sake rajista. Ya gama, ya ƙara gaba, yau injiniya ne mai mata da 'ya'ya uku.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Isufu, na hau jirgin ƙasa na je duba shi asibiti wata ranar Lahadi da la'asar. Na tarar da matarsa Hajiya Mariyama da Nasiru. Bai yi maganar shago ba, bai yi ta gida ba, ya ce waɗannan ya riga ya gama da su. Ya ce Nasiru ya riƙe ɓangaren Paris, ni in karɓi duba kati na ɓangarorin biyu, kada mu bari wasan ya fita daga hannun ɗalibai. Nasiru ya kama hannunsa yana kuka ya ce in Allah ya yarda ba za a ji kunya ba. Kwana tara bayan nan ya cika. Shekarar da ta biyo muka sa sunansa a jikin kofin da ake ba waɗanda suka ci wasan.

Yanzu gardamar da ni da Isufu muka saba yi mu biyu ta koma zauren hira na waya, inda magoya baya sun fi ɗari biyu. Makonni biyun nan zauren bai huta ba. 'Yan Paris na cewa bayanmu a buɗe yake kamar ƙofar kasuwa, 'yan Lyon na tuna musu biyu da nema ta bara. Wani direban tasi ya rantse in Paris ta sha kashi zai aske gemunsa. Wata baiwar Allah daga Maraɗi, da ɗanta ke karatu a nan, kullum sai ta turo murya tana tambaya ko za a sa shi. Ana rabon kujerun mota, ana gardamar wa zai kawo kilishi. Ina karantawa ina dariya ni kaɗai, ina cewa da Isufu na nan da ya hana kowa sakat.

Ana cikin haka wani ya saka hoton 'yan Paris suna atisaye, ya rubuta a ƙasa cewa Lyon ta shirya makoki. Na ƙara girman hoton. Akwai fuskoki biyar da ban sani ba, manyan mutane masu cikar ƙirji. Kafin in tambaya wani ya riga ya yi alfahari cewa ɗaya daga ciki ya taɓa buga wa wata ƙungiya ta gaske. Na rubuta, cikin ladabi, cewa ina fatan baƙin sun zo da katinsu, domin marigayi ya bar mana doka. Aka yi ta turo hotunan dariya. Sai Nasiru ya sa murya, kowa ya ji.

"Baba Ila, da girmanka. Zamanin Kawu daban, namu daban. A bar mutane su ji daɗin wasa."

Na kira Lawali, wanda ke horar da yaranmu na Lyon, na ce masa mu sanar ba za mu buga ba sai an cire 'yan aro. Ya ce zai zo gida. Bayan sallar Juma'a ya zo, ya ƙi zama a kujera, ya zauna ƙasa kan darduma. Ya ce shi ba zai iya ci gaba da kallon idona ba. Shekara uku ke nan, in ji shi, ɓangarorin biyu na sa waɗanda ba ɗalibai ba. Paris ta fara, Lyon ta rama, daga baya shi da Nasiru suka daidaita a kan kowa ya kawo nasa, a bar tsoho da dubansa. Katunan da nake karɓa a bakin layi na ɗalibai ne na gaske, amma masu miƙo mini su wasu ne. Sun san idona ya yi rauni tun da aka yi mini aiki, sun san ba na iya bambance ƙaramin hoto a rana.

Na tambaye shi wanda ya ci mana ƙwallaye biyun bara fa. Ya ce mai aikin gini ne a Vénissieux, nan kusa da mu, bai taɓa taka makarantar ba. Wannan yaron ni na rungume shi a tsakiyar fili, na ce masa ya dage da karatu. Ya ce to, Baba. Mutanen da ke kewaye da mu a lokacin, waɗanda nake cin abinci da su a salla da suna, da yawansu sun san abin da ake ciki. A ranar na kira Hajiya Mariyama ina murna na ce mata amanar Alhaji na nan daram.

Ban iya zama ba. Ranar Litinin na tafi Paris, na ce Nasiru ya same ni a shagon kawunsa, wanda Hajiya ke riƙe da shi yanzu. Ya zo da rigar aiki, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Bai musa komai ba. Ya ce ɗalibai sun ragu, karatun ya yi nauyi, waɗanda ke nan rabinsu ba su iya ƙwallo ba. Ya ce shekarun farko bayan rasuwar kawunsa 'yan kallo ba su kai talatin ba, yanzu har daga wasu garuruwa ake cika mota. Ya ce da bai yi haka ba da wasan ya mutu. Akwai gaskiya a ciki, ban hana shi ba. Na dai tambaye shi ɗalibai nawa za su zauna a benci ranar Asabar don a ba baƙi wuri. Ya duba ƙasa ya ce bakwai.

Na ce to me ya hana ka zuwa ka gaya mini, mu yi faɗa, mu kira taro, a canza dokar a fili in canzawar ce? Ya ce sun ji tsoron ɓacin raina. Can kuma ya ɗago, muryarsa ta canza.

"Baba, kai kana wurin ranar da ya sa na cire riga a gaban mutane. Har yau ina jin ta. Ni ba zan yi wa ɗan kowa haka ba."

Ban san yana ɗauke da wannan ba duk shekarun nan. Isufu mutum ne mai tsauri, ba zan ɓoye ba. Yana iya janye yaron gefe ya gaya masa, bai yi ba, kuma ko sau ɗaya ban ji ya ba shi haƙuri ba. Amma na ce wa Nasiru, rigar da aka cire masa ran nan ita ta sa masa wadda yake sanye da ita yau, kuma yara bakwai ɗin da zai zaunar ba su yi laifin komai ba, su ne ma suka je aji. Hajiya, da ke ninke shadda tana jinmu, ta ce za ta dafa abincin Asabar kamar kullum, domin baƙon da ya sha hanya ba ruwansa. Amma ta roƙi a kankare sunan mijinta daga kofin kafin a miƙa shi ga kowa.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin me Isufu zai ce da ya ga yau. Na san zai ji daɗin cikar fili, da riguna masu kyau, da yadda ake kallon wasan kai tsaye a waya daga Damagaram. Zai yi dariyar mai gemun nan har ya share hawaye. Sannan zai tsaya tsakiyar fili ya hana a busa usur, ko da mutum ɗari biyu za su daina gaishe shi. Ni ba ni da wannan ƙarfin. Abin da na iya shi ne na ajiye aikin duba kati, na fita daga zauren, na kuma rubuta wannan. Abin da ya fi ci mini rai ba karya dokar ba ne, doka mutane ke yin ta kuma su ke sauya ta. An tsayar da ni a rana shekara uku ina gadin abin da aka riga aka kwashe, ana gaishe ni da girmamawa.

In an tambaye ni me ya rage na Isufu, ba zan ƙara nuna fili ba. Zan nuna mai gyaran na'urar asibiti a Yamai da ya taɓa barin aji na wata biyu ya dawo saboda wasan Lyon. Zan nuna malamin lantarki a Kano, da wasu da ban san inda suke ba. Zan nuna Nasiru kansa, ko ya so ko bai so ba. Waɗannan ba wanda zai iya aro su ko ya musanya hotonsu.

Jiya Nasiru ya kira ni. Ya tambaya ko zai iya zuwa addu'ar Laraba a gidan Hajiya, tunda shi ke jan karatun kowace shekara. Na ce masa gidan kawunsa ne, ba ni ke ba da izinin shiga ba. Zan je, kuma wurin zamana kusa da nasa yake. Har yanzu da nake rubutun nan ban san ko zan iya miƙa masa hannu ba.

Allah ya yalwata wa Isufu makwancinsa, ya yafe masa tsaurinsa, mu kuma ya yafe mana sakacinmu.