Ba Kawu Ne Ya Ƙona Masarar Ba

Ranar Talata, bakwai ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon direban injin feshi na babbar gona, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Wanda Ya ba mu aronsa Shi Ya karɓi abinSa, kuma can muka nufa dukanmu. Ina cikin aji aka leƙo aka ce in ɗauko jakata. Ban tambayi dalili ba. Tun daga yadda malamarmu ta riƙe mini hannu na gane.

Ni ba mai magana ba ce, kowa a gidanmu ya sani. Kwanakin da aka yi ana karɓar gaisuwa, a bayan ƙofa na yi su. Maza suka faɗi alherinka a waje, mata suka faɗa a ciki, ni kuwa ko kalma ɗaya ban iya fitarwa ba. Shi ya sa na rubuta wannan, na roƙi makaniken gona ya manna shi a allon sanarwa na bakin gareji, inda ma'aikata ke tsayawa kowace safiya. Akwai abin da ya kamata su sani, kuma bayan tafiyarka, Kawu, ni kaɗai na rage da shi.

Shekara goma sha huɗu ka yi kana jan injin nan. Tarakta a gaba, ƙaton tanki a baya, da hannuwa biyu na ƙarfe da ake naɗewa in za a hau titi, a buɗe su in an shiga gona. Saboda su ake kiranka Mai Fiffike. Sau ɗaya ka ɗauke ni, ranar da ruwa zalla ka zuba a tanki don gwaji, ka ce ba za ka shigar da ni inda magani yake ba. Na ga fukafukan suna miƙewa a hankali, sai feshi ya sauka kamar labulen hazo, rana ta bugo shi ya yi launi-launi. Na daɗe ina kallo ban ƙifta ba. A raina na riga na mai da taraktar jirgin ruwa, na mai da masarar teku. Ka dube ni ka ce, “Malama, dawo. Ciyawa muke kashewa.”

Malama kake ce mini saboda littattafan soyayya da ba sa barin hannuna. Umma tana faɗa a kansu, kai kana ɓoye ni. In ta fara neman mai wanke-wanke, sai ka ce ka aike ni, alhali ina zaune a ɗakin kayan aikinka, a kan tsohuwar taya, ina karatu. In ka shiga gari sai ka tsaya wurin mai littattafai ka ce ya zaɓo maka wanda ba a yi kuka da yawa a ciki ba. Kullum tambayarka ɗaya: “To, har yanzu ba su yi auren ba?” In na ce da saura, sai ka girgiza kai ka ce, “Shafi ɗari biyu! Ni da matata magana biyu muka yi.” Inna, matarka, ta amso daga madafa, “Biyun ma ni na yi su.”

Ba ka taɓa shigowa gida da rigar aiki ba. A bayan gida kake cire ta, ka wanke hannu sau uku, ka yi wanka, sannan ka yarda yara su matso. In na rugo in karɓi jakarka sai ka ɗaga hannu ka ce, “Tsaya can. Ni ciyawa nake kashewa, ke kuma har yanzu ɗanyar ciyawa ce.”

Ma'aikata sun san ƙyallen da ka ɗaura a ƙarshen fiffiken hagu. Da ya fara kaɗawa ya nuna lambun tsohuwar nan mai tumatir da ke gefen shinge, sai ka kashe famfo ka sauko ka zauna a inuwar taya. Manaja ya yi ta kira, kai kuma amsarka ba ta canzawa: iska ta tashi. An ce akwai ranar da ka zauna tun hantsi har la'asar. Tsohuwar ba ta taɓa sanin don ita ake wannan zama ba. Ta zo gaisuwa da kwandon tumatir, tana ta cewa, “Allah sarki, mutumin da ke ɗaga mini hannu.”

Yanzu na zo inda alƙalamina yake ta tsayawa.

A jikin fukafukan akwai nozul talatin da shida, 'yan ƙananan kawunan roba da maganin ke fitowa ta cikinsu. Kowanne da raminsa, siriri, an yi shi daidai awo. Da idonka ya fara gajiya da ƙananan abubuwa, sai ka koya mini wanke su. Ka ɗauraye su a gona, ka kawo su gida cikin roba, in sa safar hannu in goge da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Doka biyu ka kafa mini: kada in hura da baki, kada in tsokana da allura ko waya. Ka ce ramin in ya ƙaru ko da kaurin gashi ne, maganin da zai zubo ya wuce ƙima, kuma abin da aka aiko ya kashe ciyawa sai ya juya kan shuka. Na ce na ji. Na yi ta wankewa daminar farko ba matsala, har kana yi wa makanike alfahari da ni.

Damina biyu da suka wuce, wata Laraba da la'asar, ka ajiye mini robar. A lokacin saura mini shafi ashirin in gama wani littafi da na aro, mai shi kuma tana son abinta washegari. Na wanke ashirin da tara. Bakwai suka ƙi, laka ta daskare a raminsu. Da na jiƙa su na jira, da sun saki. Ban jira ba. Ina so in san ko yarinyar littafin za ta buɗe wasiƙar da aka aiko mata. Na shiga ɗaki na zaro allura daga ƙunshin zaren Umma, na tsokane su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga su na ga haske yana ratsawa tas, har na ji daɗin dabarata. Na zuba su cikin sauran, na koma kan taya.

A ƙa'idarka, bayan kowane wanki sai ka tara kofin awo a ƙarƙashin kowane nozul na minti ɗaya, ka ga duk sun zubo daidai. Amma safiyar Alhamis ɗin iska ta kwanta, ana sa ran hadari da yamma, ciyawa ta taso a filin masara na bakin titi, ana ta kiranka. Ka ɗauki robar, ka tsaya a bakin ƙofa, ka waiwayo.

“Malama, da buroshi dai?”

Na ce, “Da buroshi, Kawu.”

Ka ce, “To, yau ke ce kofin awona.” Ka fita.

Bayan kwana biyar layuka suka fito. Daga cikin motar makaranta na fara ganinsu: kore, rawaya, kore, rawaya, tun daga titi har inda ido ya ƙare, kamar an ɗora rula an ja. Inda nozul bakwai ɗin nan suka bi, ganye ya ƙone ya lanƙwashe. 'Yan motar suka taso suna leƙe ta taga suna dariya, wata tana cewa wa ya yi wa gona kitso. Na sunkuyar da kai cikin littafi. Layi ɗaya na yi ta karantawa har muka isa.

Abin da ya faru a ofis, daga bakin makanike na ji shi. An tara ku, manaja ya tambayi yadda aka yi. Ka ce, “Ban yi awo ba. Laifina ne.” Aka ce a kawo nozul ɗin a duba, ka kawo ashirin da tara, ka ce bakwai sun ɓace. Aka ƙara maka da laifin sakaci da kayan aiki. Kafin mako ya zagayo an karɓi makullin tarakta an ba wani, kai kuma aka mai da kai bakin get, kana ɗaga ƙarfen tare motoci kana saukewa. Daga nan sunan Mai Fiffike ya bi iska. Aka koma ce maka Ja-Layi. Na san da wasa aka fara. In an kira sai ka amsa, har ka taya su dariya. Amma Inna ta ce in injin ya zo wucewa ta get, kai kake ɗaga masa ƙarfe, kuma ba ka taɓa bin sa da kallo ba. Ƙasa kake dubawa har ya wuce.

Shekara biyu ina kai maka abinci wurin. Shekara biyu ina tsara maganar a hanya, kamar yadda ake yi a littattafaina, inda mai laifi ke durƙusawa ya faɗi komai cikin shafi ɗaya a yafe masa a shafi na gaba. Da na iso sai dai in ajiye kwano in ce Inna tana gaishe ka. Kai kuma ba ka fasa komai ba. Ba ka fasa sayo littafi ba, ba ka fasa tambayar aure ba. Hakan ya sa na lallashi kaina cewa ba ka sani ba, kuma faɗar ba za ta mayar da masara kore ba. Har nakan ce a raina wataƙila ma ba allurar ba ce.

Ana gobe za ka rasu na je asibiti da niyyar ko me za a yi sai na faɗa. Inna ta fita karɓo magani, muka rage mu biyu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Kawu, in karanta maka?” Ka ce in karanta. Na yi shafi uku. Ka ɗaga hannun da ba a sa wa ƙarin ruwa ba, na yi shiru.

Ka ce, “Wancan littafin fa, na shekarun baya. Ta buɗe wasiƙar kuwa?”

Na ce ta buɗe.

Ka ce, “To, madalla. Da ta ƙi buɗewa, da asarar ta yi yawa.” Ka yi 'yar dariya har tari ya kama ka. Da ya lafa ka ce, “Malama, nan gaba in kin gaji, ki ce kin gaji. Ba a dukan mutum a kan haka.”

A nan na gane inda nozul bakwai suka ɓace. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana ɗaga su a rana ba zai kasa bambance ramin da buroshi ya wanke da wanda allura ta yaga ba. Tun ranar farko ka gani, ka kawar da su don kada makanike ya gani ya tambayi wa ke yi maka wanki. Ka buɗe mini ƙofa har bango, Kawu, amma ko a lokacin ban shiga ba. Na kifa fuska a gefen gado ina kuka, ka dafa kaina, Inna ta dawo ta zaci ciwonka nake yi wa kuka. Na bar ta a haka.

Ranar uku da rasuwarka, ina bayan ƙofa, na ji wani daga cikin ma'aikata yana cewa da zuciya ɗaya, “Allah Ya jiƙan Ja-Layi, mutumin kirki.” Sauran suka ce amin. Wannan amin ɗin ita ta hana ni zama. Washegari na faɗa wa Umma da Inna. Umma ba ta yi mini magana ba har kwana biyu. Inna kuwa ta ce, “Ashe abin da ya hana shi yarda in je in sami manaja ke nan.” Ita ta ba ni takardar da nake rubutu a kai.

Don haka iyayena ma'aikatan gona, da ranka ya daɗe manaja, da direban da ke jan injin yanzu: ni na tsokane nozul ɗin da allura, ni na yi ƙarya da aka tambaye ni. Kuskuren kawuna ɗaya ne, ya yarda da maganata. Ban san ko akwai takardar da aka rubuta laifin a kanta ba. In akwai, ina roƙon a haɗa ta da wannan. Ni 'yar ƙanwarsa ce, mai kawo abinci bakin get da littafi a hannu, kun san ni. In kun gan ni ba sai kun kau da kai ba, ku faɗi abin da ke ranku, zan tsaya in ji.

Ya Allah Ka jiƙan kawuna, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi fiye da filayen da ya yi wa hidima. Yadda ya rufa mini asiri ban cancanta ba, Ka rufa masa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ni kuma Ka yafe mini jinkirin da na yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yansa huɗu waɗanda suka ji ana kiran mahaifinsu da sunan da ba nasa ba, da Ummata da ta rasa yayanta, da makanike abokinsa, da tsohuwa mai lambu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Kuma don Allah, duk wanda ya karanta wannan a bakin gareji ya ɗaga hannu zai yi masa addu'a, ya ce Allah Ya jiƙan Mai Fiffike.