Kaya a Ka, Kaya a Kafaɗa

Naomi ta shekara ashirin tana kawo doya daga Kusasu zuwa bakin tashar Birnin Gwari, ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. A kafaɗa take ɗauka, kamar uwarta da kakarta, don a wurin matan Gbagyi kai ba jaki ba ne. Haka ta koya wa 'yarta Lydia. Amma Lydia da zarar ta shigo gari takan mayar da ƙwaryarta ka, irin na 'yan matan Hausawa, ƙawarta Mairama Bahaushiya kuwa don tsokana ta sauke tata zuwa kafaɗa. Uwa da 'ya sun sha faɗa a kan wannan.

Sanƙarau ya ɗauke Lydia a bazarar 1970, tana da shekara goma sha huɗu. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba.

Bayan shekara biyu Naomi ta tsaya gaban allon da Mainasara mai hoto ke liƙa aikinsa. Ga wani hoton titin tasha da rana ta koɗar: mai tsire, kekuna, motar katako a tsakiya. Hagu da dama da motar, 'yan mata biyu sun juya baya, zane iri ɗaya. Ɗaya ƙwarya a ka, ɗaya a kafaɗa. Naomi ta gane shi, ita ta saya wa Lydia da Mairama zanen.

"Uwar doya, zan iya fito miki da ɗaya babba," in ji Mainasara. "Biyu ba za ta yiwu ba, mota ta raba su. Wacce ce taki?"

Naomi ta sake duban hoton. Mai ƙwarya a kafaɗa ce mana. To amma a cikin gari ne. To amma ranar ko ita Naomi tana kusa, yarinyar ta ji tsoron idonta?

Aka kirawo Mairama, ta zo da goyo. Ta daɗe tana dubawa.

"Wallahi Mama ban sani ba. Wani lokaci mukan canza, wani lokaci mu manta."

"Ƙeyarki ce ba ki gane ba?"

"Yaushe na taɓa ganin ƙeyata, Mama?"

Mainasara ya yi dariya, sannan ya haɗiye ta.

Naomi ta rufe ɗaya da yatsa, ta rufe ɗayar. Duk wadda ta bari a buɗe sai ta zama Lydia. Can ta nuna mai ƙwarya a ka.

"Kin tabbata?"

"A'a," in ji ta. "Fito da ita."