Ranar da Baffa Ya Zauna Kallon Wasan Kumbo

Shekarun baya can, ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da kuɗin man fetur ya cika gari kowa yana ji da kansa, saura ƙiris wani ɗan littafi mai ƙyalƙyalin bango ya raba ƙanwata da wanda take so. Jiya na ga wasunku suna ta gardama a nan kan littattafan wasa, wanne ne mai kyau wanne ne shirme, shi ya sa abin ya faɗo min a rai.

Abokina ne ya kawo mana wasan. Tare muka tashi a Fagge. Iyayensa mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano, mahaifinsa yana da shagon atamfa a Kantin Kwari. Gwamnati ta tura shi Ingila karatun injiniya, ya dawo mana da takardar shaida da kuma wannan jaraba. Mutum ɗaya ne yake riƙe littafi yana ba da labari, sauran kowa ya zama ma'aikaci a cikin kumbo mai yawo tsakanin duniyoyi: wannan matuƙi, wancan makanike. Mai littafi ya faɗi halin da ake ciki, ku kuma ku faɗi abin da za ku yi. In abin mai haɗari ne sai a jefa dayis, abin nan mai ɗige-ɗige na ludo, a ga ko an dace. Ba kwabo ba sisi a ciki. Ni ne mai riƙe littafi, don tun ina yaro aka san bakina ba ya shiru.

Kowace tafiya da ɗan littafinta da ake bugawa daban, da taswira, da bayanin mutanen da za a tarar. Guda ɗaya muke da shi, wanda abokina ya zo da shi, kuma wallahi wanda ya rubuta shi ya san aikinsa. In ka ce za ka yi faɗa, ya tanadi abin da zai biyo baya. In ka ce sulhu kake so, ya tanada. In ka ce ciniki za ka yi da mutanen wata duniya, ga halin kowane ɗan kasuwa a rubuce, har da abin da yake jin tsoro. Mun maimaita shi har bangon ya fita, man ƙosai ya ɓata shafukan, na ɗinke shi da zaren lilo.

A Sabon Gari muke haɗuwa ranar Asabar da rana, a ɗakin wani abokinmu mutumin kudu, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, don shi ne mai tebur da fanka. Murfin kwalaben lemo muke jerawa a kan taswira a matsayin mutanenmu. To ku auna da kanku: samari a Sabon Gari, sun kewaye tebur, ga dayis, ga murfin kwalba, ana ta ihu. Wanda ya leƙo ta taga me zai ce ya gani?

A lokacin abokina yana neman ƙanwata, ita ma ta mutu a kansa, ta gama makarantar horon malamai tana jiran ya turo magabata. Mahaifinmu ya rasu, ƙaninsa da muke kira Baffa shi ne waliyyinta. Tsohon magatakardan kotun alƙali ne, ya iya Turanci kamar me, kuma bai taɓa yarda da magana don an rantse masa ba. Da ya tura a yi binciken da ake yi kafin aure, sai aka dawo masa da labari cewa yaron ɗan caca ne, kuma wan yarinyar ne ma yake raba musu.

Ya kira ni zaure. Na durƙusa na fara bayani, kumbo kaza, duniya kaza. Ya ɗaga min hannu.

"Gani ya kori ji," in ji shi. "Yau bayan la'asar ku kawo abin nan ku yi a gabana. In caca ce, ka gaya wa abokinka kada ya sake taka ƙofar gidan nan."

Na shiga gida na ɗauko tsohon littafinmu. Ƙanwata tana bakin murhu, idonta ya yi jawur, ko kallona ba ta yi ba. Mahaifiyata ta karɓi littafin da yatsu biyu, ta juya shi.

"Wannan tsumman za ka kai gaban Baffanka? Kai ko kunya ba ka ji? Ko tabarma ba a shimfiɗa wa babba tsohuwa. Je ka nemo sabo."

Na ce, "Inna, wannan mun san shi ciki da waje."

Ta ce, "Shi ya sa ma. Sai ya ce kun shirya abin da za ku nuna masa. Ka kawo sabo a ledarsa, ya buɗe da hannunsa, ya san ba a ɓoye masa komai ba."

Maganar ta shige ni. Na ɗauki abokina a Vespa muka nufi Sabon Gari, wani kantin littattafai da ke kawo wa Turawan masana'antu kayan karatu. Guda ɗaya muka tarar. Bangonsa kuwa, sai wanda ya gani! Kumbo ja yana keta taurari, rubutu da ruwan zinare. Abokina ya juya shi, ya ce, "Ba mu karanta shi ba fa." Na ce masa haba, littafin da aka buga a ƙasar waje, da wannan kyau haka, me zai same mu? Ashe kyan ɗan maciji ne.

Bayan la'asar muka zauna a zaure, ni da abokina da mutumin tashar jirgi, wanda ya sa rigarsa ta zuwa coci don girmamawa. Baffa yana kan buzu, tabarau a kan hanci. Shi ya yage ledar, ya duba bangon, ya miƙo min. Na san ƙanwata tana bayan ƙofar cikin gida, don ina jin motsin awarwaronta.

Tun shafin farko na san mun shiga uku. Babu labari. An ce kumbo ya sauka a wata tasha, a jefa dayis. An buɗe ƙofa, a jefa dayis. An hau bene, a jefa dayis. Ba a ce ga wanda ya aiko ma'aikatan kumbon ba, ba a ce ga abin da suka zo nema ba. Taswira ta nuna wani ɗaki a dama, na duba bayaninsa, babu shi a littafin gaba ɗaya. Wani mutum da aka ce ya mutu a shafin baya, sai ga shi a gaba yana sayar da abinci. Ina ta kame-kame ina toshe ramuka da bakina, amma abin da Baffa yake gani shi ne hannu yana jefa dayis, ana leƙawa, ana sake jefawa.

"Har yanzu ban ji labari ba," in ji Baffa. "Jifa kawai nake gani."

Mutumin tashar jirgi ya ce, "Baba, wallahi ba haka muke yi ba. Wannan littafi ba shi da kyau."

"Ba kai na tambaya ba."

Na juya shafi ina addu'ar Allah Ya kawo sauƙi, sai idona ya sauka a kan abin da ke gaba. Man kumbo ya ƙare, iskar shaƙa ta kusa ƙarewa, kuma mutum ɗaya ne yake da mai a tashar: mai gidan caca. Marubucin, Allah Ya shirye shi, ya rubuta cewa ba ya sayarwa, sai dai a zauna a ci shi a teburinsa. Shafi guda cur na dokokin cacar. Babu wata hanya, ko ɗaya bai tanada ba.

Na yi niyyar tsallake shafin in ƙirƙiro wani abu. Baffa ya lura da yatsana yana neman juyawa.

"Karanta abin da ke nan."

"Baffa, wannan wajen ba shi da..."

"Ko in karɓa in karanta da kaina?"

Na karanta, ina fassarawa. Da na kai kalmar caca, motsin da nake ji a bayan ƙofa ya tsaya cak. Abokina ya sunkuyar da kai. Ni kuwa a raina na gama sallamawa, na ce shi ke nan, na kashe wa yarinyar nan aure da hannuna.

Can abokina ya ɗago, ya ture dayis gefe. Ya ce, "Ni matuƙi ba zan zauna a teburin ba. Zan je in nemi mutumin ya ba mu mai, mu yi masa aiki."

Na duba littafin, na duba bayansa. Na ce, "Babu wannan a ciki."

Baffa ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. "Don ina zaune ka ƙi. Da a Sabon Gari ne da tuni ka jefa."

Me abokina zai ce? Duk abin da ya faɗa, an riga an ce don ido ne. Baffa ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya karanta shafin da kansa, a hankali, ya leƙa na gaba, ya rufe ya sa a ƙarƙashin gwiwarsa.

"To ni ne mai man," in ji shi. "Ga ka a gabana. Ba na son aikinka, ina da ma'aikata."

Muka kalli juna. Abokina ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, akwai kaya a kumbon, ka ɗauka."

"Ba na so. Ka zauna mu buga. Jifa ɗaya ne, in ka ci ka tafi da mai. Mutanenka suna can numfashinsu yana sarƙewa, kai kana nan kana min tsarki. In sun mutu, wa ya kashe su?"

Haka ya dinga matsa shi, irin matsar da ya ga ana yi wa masu shaida shekara da shekaru. Ya kawo masa lalura, ya ce ai ko malamai sun yi sassauci in rai yana cikin haɗari. Ya ɗauki dayis da kansa ya ajiye a gaban abokina. Ni kaina a lokacin ban san amsar da Baffa yake nema ba, ko jifan ko ƙin.

Abokina ya ce, "In na jefa na faɗi, sun mutu, kuma ni na sa ransu a tebur. Ka riƙe ni a nan. Ka ba su mai su tafi, makanike ya iya tuƙi. In sun kai gida za su aiko a fanshe ni."

"In ba su aiko ba fa?"

"Sai in zauna. Ni na kawo su."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro littafin, ya jefo min a cinya.

"Wanda ya rubuta wannan malalaci ne," in ji shi. "Ya kai mutane bakin mutuwa, ya bar musu ƙofa ɗaya, ita ma ta banza. Da kuɗi kuka saya?" Na ce e. Ya girgiza kai.

Ya juya wajen abokina. "Na gamsu ba caca kake yi ba. Ka turo magabatanka. Amma wannan abin jifan, ni ban yarda da shi ba, ko da kuɗi ko ba kuɗi. Ba zai shiga gidan da 'yata take ba, kuma hannun da zai riƙe ta ba zai riƙe shi ba. Ka zaɓa."

Na san yadda abokina yake son wasan nan. Shi ya ɗauko shi tun daga Ingila, shi ya koya mana, duk mako Asabar yake jira. Ko numfashi bai ja ba. Ya tattara dayis ɗin da hannu biyu, ya durƙusa ya zuba a gaban Baffa. Daga bayan ƙofa muka ji an saki kuka, sai muryar mahaifiyata tana cewa, "Ke, rufa mana asiri!"

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Ni da mutumin tashar jirgi mun ɗan ci gaba da wasan tare da wasu abokai, amma abin bai sake yin armashi ba.

Tun daga ranar ban sake auna littafin wasa da bangonsa ba. In an miƙo min, tsakiya nake buɗewa in nemi inda aka matse 'yan wasa, in ga ƙofa nawa marubucin ya bar musu. In ya yarda cewa mutanen da za su zauna a tebur suna da hankali, suna iya kawo abin da bai zata ba, to littafi ne. In kuwa jifa ce kawai daga farko har ƙarshe, ko da ruwan zinare aka rubuta shi, shara ne. Har yau in na tuna shafin nan sai gabana ya faɗi, kuma har yau ina jin haushin mutumin da ban taɓa gani ba.

Shekaru da yawa bayan rasuwar Baffa, 'ya'yan ƙanwata sun girma, na samo wani littafi mai kyau ƙwarai, na kai wa abokina har gida. Na ce masa tsoho ya tafi, zo mu ɗan taɓa ko sau ɗaya, don tuna baya. Ya karɓa, ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe yana murmushi, yana cewa kai, wannan ya iya. Sannan ya miƙo min abina.

Ya ce, "Da yana raye da na je na roƙe shi, wataƙila ya sassauta. Yanzu wa zan roƙa?"